Tambayoyi da amsoshi kan tsare-tsaren ƙirgen kati a wasan blackjack: wanne ya fi auna rinjayen ɗan wasa?

Na tattara tambayoyin da aka fi yi min kan wannan batu ne a waje ɗaya, saboda na gaji da ganin mutane na musu kan wane tsari ne sarki alhali ko abin da ake aunawa ba a yarda da shi ba tukuna. Ni lissafin ne ya ja ni, kuma tun farko ina so ka sani ban rubuta wannan don in tura kowa gidan caca ba, in ka karanta har ƙasa ma zaka ga lissafin da kansa ya fi ja maka kunne fiye da ni.

Wai menene ma ƙirgen kati ɗin, haddace duk katin da ya fita ake yi?

A'a sam. Ba wanda yake haddace kati 312, wato ɗauri shida na karta da ke cikin akwatin rabo, a kansa. Abin da ake yi shi ne kowane kati a ba shi wata 'yar lamba, ko ƙari ko ragi ko sifiri, kai kuma kana tara jimilla ɗaya tak a kanka yayin da katunan ke faɗowa kan tebur. Lamba ɗaya ce kake riƙe da ita, tana hawa tana sauka. In ta hau sosai to ƙananan kati sun fita da yawa, manya sun rage a cikin akwatin, kuma wannan yanayin ɗan wasa yake yi wa daɗi. In ta yi ƙasa to gidan ne ke da rinjaye fiye da kullum.

Abin da ya sa hakan ke yiwuwa a blackjack, wasan kartar da kake neman jimillar katinka ta fi ta dila kusa da 21 ba tare da ta wuce ba, shi ne katin da ya fita baya komawa sai an sake gauraya, wato wasan yana da tunanin baya. A wasan da ake jefa ɗan lido ko juya faifai kowane zagaye sabo ne fil, ba abin da zaka ƙirga.

Me yasa manyan kati suke taimakon ɗan wasa, ai dila ma yana samunsu?

Yana samu mana, daidai wa daida ma. Amma ba biya ɗaya ake yi ba. In kai ka sami A (katin da ake ƙirga 1 ko 11) da goma a katin farko biyu, hannun da ake kira blackjack, ana biyanka 3 a kan 2, ka zuba dala 10 a ba ka 15, in dila ne ya samu dala 10 ɗinka kawai zai ɗauka. Sannan dila ba shi da zaɓi, doka ta ɗaure shi dole ya ƙara kati in yana da 16 ko ƙasa, to in akwatin cike yake da goma-goma zai riƙa ƙonewa, wato wuce 21, kai kuwa kana iya tsayawa a kan 12 ko 13 ka zuba masa ido. Ga ninka zubi, in kana da 11 ka ninka me kake fata in ba goma ba? Ga raba kati gida biyu, ga inshora, wato zubin gefe kan cewa dila mai nuna A yana da goma a kife. Duk waɗannan ƙofofi naka ne, dila ba shi da ko ɗaya.

Ƙananan kuma, musamman 4 da 5 da 6, su ne ke ceton dila. Yana da 16 ya ja 5 ya zama 21, kowa a tebur ya yi shiru.

Daga ina lambobin da ake ba katunan suka fito, ko kowa zama yake ya ƙirƙiro nasa?

Nan ne asalin maganar take, in ka gane wannan sauran duk zai zo maka da sauƙi. Ana ɗaukar ɗauri ɗaya mai kati 52, a cire kati guda, sai a sa kwamfuta ta lissafa nawa rinjayen ɗan wasa ya canza saboda rashin wannan katin. Peter Griffin, malamin lissafi a California, shi ya tsara wannan hanya sosai a littafinsa The Theory of Blackjack na 1979. Alƙaluman da ya fitar na ɗauri ɗaya, a kaso cikin ɗari, su ne kamar haka: cire 2 yana ƙara maka 0.38, cire 3 kuma 0.44, cire 4 ya ba ka 0.55, cire 5 shi ne babba 0.69, cire 6 ya ba da 0.46, cire 7 kuma 0.28, shi 8 sifiri ne ba ruwansa da kowa, cire 9 yana rage maka 0.18, cire goma (har da J, Q, K) ya rage 0.51, cire A ya rage 0.61.

To ka ga ba mahaluƙin da zai zauna a tebur yana tara 0.38 da 0.69 yana cire 0.61 cikin daƙiƙa biyu. Shi yasa ake sassaƙe waɗannan alƙaluma a mayar da su lambobin da kai zai iya ɗauka. Duk tsarin ƙirge da ka taɓa ji, Hi-Lo ne ko Zen ko Omega II, ƙoƙari ne kawai na kwaikwayon wannan jerin, wani ya sassaƙa da gatari wani da aska, bambancin kenan.

To kawo su mu gani, me kowanne yake ba katunan?

Bari in fara da Hi-Lo tunda shi ne ma'aunin kowa. Harvey Dubner ne ya gabatar da shi a 1963 a wani taron masana kwamfuta a Las Vegas, shekara ɗaya bayan Edward Thorp ya fitar da Beat the Dealer a 1962, daga baya Julian Braun na kamfanin IBM ya tace lissafinsa ya shiga bugu na biyu na littafin a 1966. Daga 2 zuwa 6 ƙari ɗaya, 7 da 8 da 9 sifiri, goma da A ragi ɗaya. Shikenan.

Hi-Opt I ya ɗan kauce, shi 3 zuwa 6 ne ƙari ɗaya, goma ragi ɗaya, ya bar 2 da A duk a sifiri. KO na Olaf Vancura da Ken Fuchs kamar Hi-Lo yake sak sai dai ya shigo da 7 cikin masu ƙari. Red Seven na Arnold Snyder ya raba bakwai-bakwai ɗin biyu, jan 7 ƙari ɗaya, baƙin 7 sifiri. Waɗannan duk 'yan mataki na ɗaya ne, ba lambar da ta wuce ɗaya.

'Yan mataki na biyu kuma akwai Zen, shi ma na Snyder, 2 da 3 da 7 ƙari ɗaya, 4 da 5 da 6 ƙari biyu, goma ragi biyu, A ragi ɗaya. Omega II na Bryce Carlson kusan haka yake sai dai ya ba 9 ragi ɗaya ya bar A a sifiri. Hi-Opt II yana ba 4 da 5 kaɗai ƙari biyu, 2, 3, 6, 7 ƙari ɗaya, goma ragi biyu, A sifiri. Sai Halves na Stanford Wong, ɗan mataki na uku, wanda ya fi kowa bin jerin Griffin sau da ƙafa, 2 da 7 rabi, 3 da 4 da 6 ɗaya, 5 ɗaya da rabi, 9 ragi rabi, goma da A ragi ɗaya, masu amfani da shi da yawa ninka lambobin suke yi biyu don su huta da rabi-rabin.

Ta yaya ake cewa wannan ya fi wancan? Akwai ma'auni ne ko ra'ayi ne kawai?

Akwai ma'auni guda uku, kuma yawancin musun da ake yi ya samo asali ne daga mutum ya riƙe ɗaya ya manta biyun.

Na farko shi ne dacewar zubi, wato yaya lambobin tsarin suka yi kama da jerin Griffin ɗin nan, in ya kai 1.00 to ya dace cif. Wannan shi ne ainihin abin da ke gaya maka ko kana da rinjaye yanzu ko babu, shi ne amsar tambayar "in ƙara kuɗi ko in rage". Halves yana da kusan 0.99, KO da Red Seven 0.98, Hi-Lo 0.97, Zen 0.96, Omega II 0.92, Hi-Opt II 0.91, Hi-Opt I kuma 0.88. Duba jerin nan da kyau, Hi-Lo mai sauƙin nan ya wuce Omega II da Hi-Opt II da ake yi wa kallon na ƙwararru.

Na biyu ƙwarewar wasa, wato yaya ƙirgen yake taimaka maka ka canza shawara a hannun da ke gabanka, ka tsaya inda da zaka ƙara, ka ninka inda da ba zaka ninka ba. A nan sai jerin ya juye. Hi-Opt II da Omega II suna wajen 0.67, Zen 0.63, Hi-Opt I 0.61, Halves 0.56, KO 0.55, Hi-Lo 0.51. Kuma ƙirge guda ɗaya komai kyawunsa baya wuce wajen 0.70 a wannan ma'aunin, saboda katin da kake buƙata a kan 16 ba shi kake buƙata a kan 12 ba, lamba ɗaya ba zata iya yi wa kowane hannu adalci ba.

Na uku dacewar inshora. Hi-Opt II ne gaba da kusan 0.91, Zen da Omega II da Hi-Opt I wajen 0.85, Hi-Lo 0.76, Halves ne a baya da 0.72.

In tambayarka ita ce wanne ya fi auna rinjaye kafin a raba kati, ma'auni na farko zaka kalla kawai, kuma tsakanin 0.97 da 0.99 gaskiya ba wata tazarar da zata canza rayuwar kowa.

Me yasa jerin yake juyewa haka?

Katin A ne ya jawo. Shi A fuska biyu gare shi. Wajen zubi shi ne kati mafi daraja, tunda babu blackjack sai da shi. Amma da zarar an raba kati kana tunanin ƙarawa ko tsayawa, sai ya koma halin ƙananan kati, kana da 16 ka ja A ka zama 17 baka ƙone ba, dila ma haka. To mai tsara ƙirge dole ya zaɓa. In ya haɗa A da goma kamar Hi-Lo ya ci ribar zubi ya yi asarar wasa da inshora. In ya bar shi a sifiri kamar Hi-Opt da Omega II ya ci ribar wasa ya makance wajen zubi. Zen ya tsaya tsakiya ya ba shi rabin nauyin goma, shi yasa zaka ga bai zo na ɗaya a komai ba kuma bai faɗi a komai ba, ni kam a 'yan mataki na biyu shi na fi ganin hankali a tsarinsa.

Ga misali ka gani da idonka. Ɗauri ɗaya ake wasa da shi, zagayen farko A huɗun nan duk suka fito, sauran katunan da suka fito kuma suka kashe juna. Mai Hi-Lo yana kan ragi huɗu, ya san babu sauran blackjack a wannan ɗaurin, zai janye hannunsa. Mai Hi-Opt I yana kan sifiri yana ganin lafiya lau, alhali rinjayensa ya faɗi da sama da kaso 2 cikin ɗari. Yanzu juya shi, bakwai huɗu ne suka fito. Mai Hi-Lo bai ga komai ba, yana sifiri, mai KO yana ƙirga su, kuma jerin Griffin ya ce sau huɗu na 0.28 ya haura kaso 1, ka ga a nan Hi-Lo ne makahon. Kowane tsari yana da katin da baya gani.

Ai na ji masu Hi-Opt II da Omega II suna ƙirga A daban a gefe, hakan baya gyara matsalar?

Yana gyarawa a takarda. A kowane kati 13, wato rubu'in ɗauri, ana sa ran A ɗaya ya fita. Kana lura, in an ci rabin ɗauri ba A ko ɗaya da ya fito to akwai rarar biyu a ciki, sai ka ƙara wa ƙirgenka maki na ɗan lokaci ka yanke shawarar zubi, sannan ka cire su ka koma ƙirgen asali don buga hannun. In an yi haka daidai dacewar zubin tana tashi ta matso kusa da ta Halves, kuma ga ƙwarewar wasa ta 0.67 tana nan, shi yasa a gwajin kwamfuta Hi-Opt II mai ƙirgen gefe yake yawan zuwa sahun gaba.

Amma yanzu lissafa abin da ke kanka: ƙirge mai lambobi har biyu-biyu, adadin A da suka fita, kiyasin katin da ya rage, rabawa, ƙari da cirewar wucin gadi, jimillar hannunka, ga dila mai saurin hannu ga hayaniya. A ɗauri ɗaya ko biyu ana iyawa. A akwati mai ɗauri shida A 24 ne zaka bi sawu, kuma ribar da zaka samu a can ƙarama ce sosai, ni ban ga dalilin ɗora wa kai wannan kayan ba.

Menene bambancin ƙirgen tafe da ƙirgen gaskiya?

Ƙirgen tafe shi ne jimillar da ke kanka. Ita kaɗai bata gaya maka rinjaye, sai ka raba ta da adadin ɗaurin da ya rage ba a raba ba. Ƙari 9 alhali saura ɗauri 3 ya zama ƙari 3 na gaskiya. Wannan ƙari 9 ɗin in saura ɗauri 5 ne ko 2 bai cika ba. Kamar gishiri ne, cokali ɗaya a kofi da cokali ɗaya a bokiti ba ɗanɗano ɗaya ba.

A Hi-Lo kowane maki ɗaya na gaskiya yana motsa rinjaye da kusan rabin kaso ɗaya cikin ɗari. Wasan ɗauri shida mai dokoki masu kyau, in kana bin dabarar tushe, wato shawarar da lissafi ya nuna ta fi kyau a kowane hannu ba tare da ƙirge ba, ba kuskure, gidan yana gabanka da kusan 0.5. To a ƙari 1 kun yi kunnen doki, a ƙari 2 kana gaba da 0.5, a ƙari 3 da kaso 1, a ƙari 5 da kaso 2. Lura fa, wannan rabin kaso na Hi-Lo ne. A Zen ko Omega II lambobin sun kusa ninkuwa don haka makinsu ɗaya bai kai haka daraja ba, kusan rabinsa ne, kuma na sha ganin wanda ya koma mataki na biyu ya tafi da ma'aunin Hi-Lo a kansa, yana ganin ƙari 4 yana zaton ya yi nisa alhali da kyar ya haye.

KO da Red Seven an ce ba a rabawa, to ta yaya suke aiki?

Dabara ce mai kyau ƙwarai. A Hi-Lo in ka ƙirga ɗauri gaba ɗaya zaka dawo sifiri, shi ake kira mai daidaito. KO kuwa saboda bakwai huɗun nan kowane ɗauri yana ƙarewa da rarar ƙari 4, da gangan aka karkatar da shi. Sai ka fara daga ƙasa, a ɗauri shida daga ragi 20, a ɗauri biyu daga ragi 4, a ɗauri ɗaya daga sifiri. Wannan karkatar ita ke yi maka aikin rabawa a ɓoye, kuma akwai wata lamba, ƙari 4, wadda duk lokacin da ƙirgenka ya taka ta to daidai take da ƙari 4 na gaskiya, ko a farkon akwati ne ko a ƙarshe. Red Seven rararsa biyu ce a kowane ɗauri, ana farawa daga ragi 12 a ɗauri shida, in ka iso sifiri kana wajen ƙari 2 na gaskiya.

Inda suke da rauni shi ne nesa da wannan lambar. KO a farkon akwati yana raina rinjayenka, dama ta zo baka ƙara zubi ba, a can ƙarshe kuma yana ɗan zuzuta shi. To amma ka auna da wannan: mai Hi-Lo da yake kallon tarin katin da aka ajiye gefe ya ce saura ɗauri 2 alhali 3 ne, kuskurensa ya fi na KO ɗin girma. Duk wanda idonsa bai iya kiyasin ɗauri ba, ko rabawa na sa ƙirgen ya kuɓuce masa, KO ya fi masa alheri nesa ba kusa ba.

Yawan ɗauri yana canza wanda ya fi?

Sosai ma. A akwatin ɗauri shida ko takwas ƙirgen gaskiya a hankali yake motsi, yawancin hannaye kana kusa da sifiri ko ƙasa, ribar kusan duk daga bambanta zubi take fitowa, ka zuba ɗaya in ba daɗi ka zuba goma ko sha biyu in ya yi daɗi. Can dacewar zubi ce sarauniya, Hi-Lo da KO da Halves suna gida. A ɗauri ɗaya ko biyu kuwa ƙirgen tsalle yake, kuma ba a barin mutum ya buɗa zubi sosai ido na kansa, ɗaya zuwa huɗu ma ya isa a fara kallonsa, to a nan canza shawarar wasa yana da nauyi, Hi-Opt II da Omega II da Zen suke nuna kansu.

Shawarwari nawa ne ƙirgen ke canzawa, sai na haddace ɗaruruwa?

Ba sai ka yi ba. Don Schlesinger, masanin lissafin blackjack, ya lissafa ya nuna cewa guda 18 ne ke ɗauke da mafi yawan ribar a wasan akwati, kuma a cikinsu ma biyun farko sun fi sauran nauyi. Na ɗaya inshora, a Hi-Lo ana karɓarta daga ƙari 3. Dalilin a fili yake, inshora tana biyan 2 a kan 1 don haka sai goma-goma sun haura kashi ɗaya cikin uku na katin da ya rage take zama riba, a sabon ɗauri kuwa bayan ka ga A ɗin dila 16 ne cikin 51, bai kai ba. Na biyu 16 a gaban goman dila, in ƙirgen sifiri ne ko sama ka tsaya, in ƙasa ne ka ƙara. Sai irin su 15 a gaban goma a tsaya daga ƙari 4, 12 a gaban 3 a tsaya daga ƙari 2, 12 a gaban 2 daga ƙari 3, ninka 10 a gaban goma daga ƙari 4.

Wani abin sha'awa, tsohon ƙirgen Thorp na goma-goma, wanda yake bin rabon katin da ba goma ba a kan goma (ana farawa da 36 a kan 16, wato 2.25), har yau ba tsarin da ya kai shi a inshora, da rabon ya sauko ƙasa da 2 ka karɓa, ba kiyasi a ciki. Wajen zubi ne aka wuce shi.

To kai tsaye, nawa mataki na biyu ya fi na ɗaya?

Kaɗan, kuma kaɗan ɗin ma sai in ba kuskure. Kwamfuta bata gajiya, bata manta ko tana kan 7 ne ko 9, ba mai yi mata magana tana tsakiyar rabawa. Kai kuwa mutum ne. Mai Hi-Lo yana ganin K da 5 tare ya tsallake su ko ƙirgawa baya yi don sun kashe juna, idonsa bibbiyu yake ɗauka, mai Halves a kan K da 5 ɗin nan sai ya tsaya ya ce saura rabi. Bayan awa uku wannan 'yar tsayawar ita ke zama kuskure, kuma kuskure ɗaya a ƙirgen tafe yana bin ka har ƙarshen akwatin, duk zubin da ka yi bayansa a kan ƙarya ka yi shi. Ra'ayina dai, kuma da gaske nake, wanda ya iya Hi-Lo ko KO kamar sunansa ya fi wanda ke tuntuɓe da Omega II.

Akwai abin da ya fi zaɓen tsarin muhimmanci?

Akwai, har guda biyu, kuma abin na damuna yadda ake tsallake su a tafi musun Zen da Halves. Na ɗaya dokokin tebur. Teburin da ke biyan blackjack 6 a kan 5 maimakon 3 a kan 2, wato dala 12 a kan zubin dala 10 maimakon 15, ya ƙara wa gidan kusan kaso 1.4. Blackjack yana zuwa kusan sau ɗaya a hannu 21, ka ga wannan dala ukun ba wasa ba ce, ta haɗiye abin da maki kusan uku na gaskiya zasu ba ka, ba tsarin ƙirgen da zai fitar da kai daga wannan ramin. Dila ya ƙara kati a kan 17 mai A da aka ƙirga 11 a ciki shi ma kusan 0.2 ne.

Na biyu zurfin rabo, wato kati nawa ake rabawa kafin a sake gauraya. A ɗauri shida in an yanke ɗauri biyu an ajiye baya, manyan ƙirge da wuya su bayyana, saboda sai kati ya ragu ne rabawar ke haifar da babbar lamba. In ɗauri ɗaya kacal aka yanke wasan ya zama wani abu daban. Hi-Lo a tebur mai zurfi ya fi Hi-Opt II a tebur mara zurfi, ba ma kusa ba. In kuma na'urar nan ce mai gauraya kati ba tsayawa, wadda ake mayar mata da katin kowane zagaye, to ƙirge ya mutu gaba ɗaya, haka wasannin intanet da kwamfuta ke sake gauraya bayan kowane hannu.

In na iya ƙirgen, riba ta tabbata kenan?

Ina! Wannan ce tambayar da na fi so a karanta a hankali. Gwanin ƙirge a wasa mai kyau rinjayensa gaba ɗaya yana yawo ne tsakanin rabin kaso zuwa kaso ɗaya da rabi na kuɗin da ya zuba. Shi kuwa hawa da saukar sa'a a hannu ɗaya ya kai kusan 1.15 na zubin. Mu ɗauka kana zuba dala 25 kowane hannu da rinjayen kaso 1. A hannu 100 ribar da lissafi ke sa rai dala 25 ce, amma lilon da aka saba gani sama ko ƙasa kusan dala 290 ne. A hannu 10,000, wato awanni wajen ɗari a zaune, ribar da ake sa rai 2,500, lilon kuma kusan 2,900, ma'ana kusan mutum ɗaya cikin biyar da suka buga komai daidai zai tashi da asara bayan duk wannan zaman. Kuma na sauƙaƙa misalin ne, mai ƙirge na gaske zubinsa hawa yake da sauka, manyan zubin suna ƙara faɗin lilon.

Shi yasa ake maganar ma'aunin Kelly, na John Kelly da ya wallafa a 1956, ka raba rinjayenka da kusan 1.3 ka zuba wannan kason na jarinka. Rinjayen kaso 1 da jarin dala 10,000 bai ba ka izinin wuce dala 77 ba, kuma masu hankali rabin haka suke zubawa. Wanda ya ninka abin da Kelly ya ce ko ya wuce, jarinsa baya girma a tsawon lokaci ko da ƙirgensa ba aibu. Mafi yawan masu cewa suna ƙirge basu da jarin, basu da haƙurin, ƙirgen ya zame musu hujjar ci gaba da zama a tebur ne kawai, kuma wannan ya fi rashin iya ƙirgen haɗari.

Laifi ne a doka?

A Amurka ƙirge da kai kawai ba laifi bane. Amma a jihar Nevada gidan caca na da ikon ya ce ka daina buga blackjack ko ka fita, in ka dawo bayan an kore ka kuma nan ne ka shiga hannun doka. A New Jersey daban ne, Ken Uston, wani gwanin ƙirge, ya yi shari'a kotun ƙolin jihar ta yanke a 1982 cewa gidajen Atlantic City ba zasu kori mutum don ya iya ƙirge ba, sai suka koma gauraya kati da wuri da taƙaita zubi. Amfani da na'ura ko waya wajen ƙirgen kuwa a Nevada babban laifi ne.

Ina son in gwada tsare-tsaren da kaina don in ga bambancin, ya zan yi?

Ɗauki ɗaurin karta ɗaya, zare kati guda ka kife shi gefe baka gani ba, ka riƙa buɗe sauran ɗaya bayan ɗaya kana ƙirgawa da Hi-Lo. In ka ƙare a ƙari 1 katin da ka kife goma ne ko A, in ragi 1 ne to tsakanin 2 da 6 yake, in sifiri 7 ne ko 8 ko 9. Buɗe ka gani. Masu abin suna son su gama ɗauri cikin daƙiƙa 30 ko ƙasa ba kuskure, sau da yawa a jere.

Don kwatantawa kuma jera kati goma a gabanka, misali 5, K, 3, 6, A, 2, 9, 4, 10, 5. Hi-Lo zai ba ka ƙari 3, Hi-Opt I ƙari 3, Halves ma ƙari 3 cif, Zen da Omega II ƙari 5 a nasu ma'aunin mai ninki. In ka tara alƙaluman Griffin na waɗannan goman zaka sami 1.40, Hi-Lo kuma da rabin kasonsa sau uku ya ce 1.5. Sa agogo ka ga daƙiƙa nawa kowanne ya ci maka, sannan ka canza 9 ɗin da 7, ka canza K da wani A, ka sake zagayawa da duka biyar ɗin.